Furanni Takwas

Litinin, 27 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Kawu Radoje yana asibitin gari. Zuciya ce. An ce ya farfaɗo har ya yi wa nas faɗa kan miya ba gishiri, to wannan alama ce mai kyau.

Ba zan rubuta abin da ya faru a gada ranar Asabar ba. Na riga na rubuta shi yau, da Sinanci don hedikwata, da Sabiyanci don lauyanmu Budimir, kuma duka gaskiya ne iyakar yadda doka ke so. Mutanen ƙauyen Orlov Do, a nan Sabiya, sun tare hanyar da manyan motocinmu ke bi zuwa wurin aikin madatsa, masu gadinmu sun je, wani tsoho ya faɗi. Ni na duba kwantiragin masu gadin tun bara. Ba shi da aibi ko ɗaya.

Tsohon nan, Kawu Radoje, a gidansa na zauna shekara uku, a ɗakin ƙasa, kafin kamfani ya tattara mu bayan shingen waya. Matarsa, Inna Milunka, ita ta mayar da ni Lana, wai Lanying ya fi ƙarfin haƙoranta. Na ɗauki waya in kira ta. Na ajiye.

Talata, 28 ga Nuwamba, bayan abincin rana

Shugaba Gu, manajan aikinmu, ya zo ya zauna gabana a kantin, ɗakin cin abincin ma'aikata, fuskarsa sai sheƙi take kamar wanda ya ci caca.

"Lauya Pei, ba komai ne doka ke warwarewa ba. Yau zan koya miki zaman duniya. Na aika wa tsohon nan naki furanni."

"Nawa?"

"Mafi tsada a shagon. Jajayen wardi."

"Ba kuɗin nake tambaya ba, Shugaba. Guda nawa?"

"Takwas mana! Da huɗu zan aika wa mara lafiya?"

Na ajiye tsinken cin abincina. A gida Chaina takwas arziki ne, huɗu mutuwa ce, abu bibbiyu alheri ne, ko uwata haka za ta yi. A nan mai rai ɗaya ake kai masa, ko uku, ko biyar. Adadin da ya rabu biyu daidai na kabari ne. Yaro ɗan makaranta ya san wannan. Ni ma Inna Milunka ta koya mini a watana na farko, ta zare fure guda daga hannuna a bakin ƙofa ta ce ba ta shirya tafiya ba tukuna.

Direban da aka aika ya ce mai shagon ta tambaye shi har sau biyu wa ya rasu. Bai gane ba, ya yi mata murmushi.

Ofishina yana maƙale da na Shugaba. Taku kaɗan ne. An ɗauke ni aiki ne don in hango haɗari tun kafin ya iso, amma ba a tambaye ni ba, saboda fure ba maganar lauya ba ce.

Laraba, 29 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Hoton ya cika ko'ina. Gadon asibiti, bututu a hancin Kawu Radoje, ga wardi a gefe da katin kamfani. Wani ma ya zana lamba a kan kowane fure, kada mai karatu ya wahala wajen ƙirga. Jaridar Belgrade ta ce 'yan Chaina sun aika wa jagoran masu zanga-zanga furannin jana'iza tun yana numfashi.

Budimir ya kira yana dariyar da ba ta daɗi ba. "Lana, 'yar'uwa, shekarata talatin ina kare 'yan daba a garin nan. Ko su ba sa aika takwas, suna jin kunyar uwarsu."

Shugaba Gu ya yi tsuru-tsuru na ɗan lokaci, sai dabara ta zo masa: mu aika goma sha shida don nuna girman nadamarmu. Na fita na tsaya a bayan janareta, inda ba mai jin abin da na ce.

Alhamis, 30 ga Nuwamba, da yamma

Ban kira ba.

Jumma'a, 1 ga Disamba, ƙarfe uku

Ofishin mai gabatar da ƙara ya buɗe bincike. Barazana ga rai. An haɗa shi da maganar gada, ya zama abu ɗaya. Ma'aikatar muhalli ta dakatar da izinin taɓa kogi, wai za ta sake dubawa. Shugaban ƙaramar hukuma, wanda ya rungume Gu ranar buɗe aiki har ya sumbace shi a kumatu, yau sakatariyarsa ta ce yana taro. Zaɓe na bazara, kowa na neman inda zai tsaya ya yi kyau a hoto.

Budimir ya zo da kansa, ya zaunar da mu. Kawu Radoje ne wanda ake cewa an cuta, matarsa shaida ce. Daga yau ba mai zuwa gidan, ba mai kira, ba mai aike.

"Har gaisuwa?" na ce.

"Gaisuwa ce ta kawo mu nan," ya ce. "Ko sannu kika ce, lauyansu zai mai da ita lallashin shaida."

Daidai ne. Da wani ne a matsayina, shawarar da zan ba shi ke nan, kuma da kakkausar murya.

Sai da ya tafi na duba kalanda. Sha tara ga wata slavarsu ce, wato bikin ranar Waliyyi Nikola, waliyyin gidansu tun kakanni. Sau ɗaya ake gayyatar mutum slava. Daga nan kowace shekara kai ne za ka kawo kanka, ba a tuna maka, kuma in ka ƙi zuwa ba tare da mutuwa ko ciwo ba, gidan ya gane abin da kake nufi. Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa fashi ba. Kujerata tana kusa da murhu, don Inna Milunka ta yanke hukuncin cewa 'yan Chaina ba su da jini.

Bana ba wanda zai ce mini zo, ba wanda zai ce kar ki zo. Shirun iri ɗaya ne.

Lahadi, 3 ga Disamba, da safe

Dusar ƙanƙara ta sauka a kan tudu. Injuna a tsaye, leburori suna buga kati a kantin. Na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Talata, 5 ga Disamba, ƙarfe tara na safe

Taro da hedikwata ta bidiyo. Mutum shida a teburi mai sheƙi, kowa da kofin shayinsa. Sun mayar da aikinmu daga rawaya zuwa ja a ma'aunin haɗari. Banki na tambaya, masu inshora na tambaya ko wannan ya shiga haɗarin siyasa ko kuwa sakacinmu ne, don in sakaci ne ba ruwansu.

Wani saurayi mai tabarau, wanda bai taɓa tsallake teku ba, ya ce, "Lauya Pei, a wane sashe na rahotonki aka ambaci wannan haɗarin?"

Na rubuta musu kan faɗuwar gwamnati, kan ƙwace kadara, kan sauya dokar muhalli, kan inda za a yi sulhu in ta ɓaci. Har yaƙi na rubuta. Na ce masa babu sashen furanni, amma zan ƙara, da na yawan sumbatar kumatu, da wanda ya kamata a fara zuba wa giyar rakija. Ba wanda ya yi dariya. Ɗaya daga cikinsu ya rubuta.

Alhamis, 7 ga Disamba, ƙarfe biyar da rabi

Wayata ta yi ƙara. Inna Milunka.

Na ɗora ta a kan tebur na zuba mata ido har ta katse. Ba ta sake kira ba. Ba ta iya aika saƙo ba, ni nake rubuta mata in tana son yi wa 'yarta ta Jamus magana.

Na sanar da Budimir kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ya ce madalla. Madalla!

Asabar, 9 ga Disamba, da hantsi

Na shiga gari sayen kabeji. Tana can wajen mai kifi, da koren ɗankwalinta, tana ciniki kamar za ta cire masa ido. Har nan nake jin muryarta: "Wannan kifin naka ya girme ni, Stevo, kar ka raina mini hankali!" Odar kifin slava take bayarwa, na sani.

Na juya na shiga shagon takalma. Na gwada takalmin maza, lamba arba'in da huɗu, don shi ne kusa da hannuna. Mai shagon ta san ni, ta dai tsaya tana kallona har na cire.

Mace mai shekara arba'in da shida, mai digiri biyu, tana ɓuya a bayan takalma. Kunya ta ishe ni, kewa kuma ta fi kunyar.

Litinin, 11 ga Disamba, ƙarfe huɗu

Na ba da bayani a ofishin mai gabatar da ƙara. Mace ce, sa'ata, da gajiya a idonta. Na yi mata bayanin takwas: yadda kalmar ke kama da ta arziki a bakinmu, yadda mutane ke rububin lambar mota mai takwas, yadda ake ɗaura aure ranar takwas ga wata. Ta saurara har ƙarshe.

"Shekararki nawa a Sabiya?"

"Tara."

"Kuma ba ki san abin da takwas ke nufi a nan ba?"

"Na sani. Ba a tambaye ni ba."

Budimir ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, har yanzu wurin na zafi. A mota ya ce, "Don Allah, Lana, amsa ake so, ba zuciyarki ba. Ki bar zuciya a gida kamar kowa."

Ba ta tambaye ni kan gada da yawa ba. Na gode mata a raina.

Talata, 12 ga Disamba, lokacin abincin yamma

Maganar ta riga ni isowa. Shugaba Gu ya sha toka, ya ce na zubar masa da mutunci gaban baƙi. Da na ɗauko tirena, teburin injiniyoyi ya cika ba zato, har da kujerar da aka ɗora wa hular kwano. Na ji wani ya ce ai Lauya Pei rabinta 'yar nan ce, har burodi take ci da safe.

A ƙauye ni 'yar kamfani ce, a kamfani ni 'yar ƙauye ce. Na ci a ɗaki.

Laraba, 13 ga Disamba, da safe

Mama ta kira daga garinmu, Xiangtan. Ta ce na rame. Ta ce ina tsohuwar nan da ke ɗura mini abinci, ko mun yi faɗa ne? Na ce layi ba kyau.

Jumma'a, 15 ga Disamba, ƙarfe biyu

Budimir ya kawo labari mai daɗi. Mai gabatar da ƙara ta karkata ga rufe maganar furanni kafin hutun sabuwar shekara, in dai ba wani sabon abu ya taso ba. In ta rufe, ma'aikata ba ta da hujjar riƙe izini. Leburorinmu na gida da na nan duk su koma aiki.

Na jira Gu ya fita, sannan na ce, "Talata slavarsu ce."

Ya cire tabarau ya murza ido. Shi ɗan nan ne, ba sai na yi masa bayani ba.

"Tun yaushe kike zuwa?"

"Tun farko."

"Kash." Ya mayar da tabaransa. "Rabin ƙauyen zai kasance a gidan, kowa da waya a hannu. Lauyansu ma baƙon slavar ne, na san shi, ba ya fashin kifin banza. Hoto ɗaya, ke da kwalba a hannu a gidan shaida, kin gama da mu."

"To in yi yaya?"

"A matsayina na lauya, kar ki je."

"A matsayinka na mutum fa?"

"Wannan ba ku biya shi ba, 'yar'uwa. Kar ki tambaye shi."

Asabar, 16 ga Disamba, da rana

An sallami Kawu Radoje tun jiya, in ji mai shara. Ban tambaye ta ba, ita ta faɗa wa tsintsiyarta da ƙarfi a ƙofar ofishina.

Lahadi, 17 ga Disamba, da yamma

Na zauna na yi abin da na iya. Idan na je: yiwuwar hoto, babba. Yiwuwar a sake buɗe bincike, matsakaiciya. Illa ga kamfani, babba ƙwarai. Idan ban je ba: illa ga kamfani, babu.

Na nemi inda zan sa sauran, babu gurbinsa.

Wataƙila ma ba sa son ganina. Wataƙila kiran da ta yi na zagi ne, ta ce kar in kuskura in taka mata tsakar gida. Na fi awa ina lallaɓa wannan tunanin, don shi kaɗai ke ba ni sauƙi.

Litinin, 18 ga Disamba, ƙarfe shida

Na sayi garin kofi da kwalbar jar giya, abin da nake kaiwa kowace shekara. Saye ba laifi ba ne a doka.

Shugaba Gu ya leƙo. Ya sauko, har da lemo ya kawo mini. "Lauya Pei, na ji akwai wani biki gobe. Ke kika fi kowa sanin ƙa'ida. Ba sai na ce komai ba."

Yanzu Inna Milunka na dafa alkama. Kicin ya cika da mata, kowa na ba kowa umarni. Bara ni aka ba fasa goro na turawa, don an ce aikin da ba ya son basira ne.

Talata, 19 ga Disamba, ƙarfe takwas na safe

Na sa baƙin siket da rigar da ta saƙa mini.

Ƙarfe goma sha biyu

Yanzu an kunna kyandir, an yanka burodi. Kawu Radoje zai tsaya a bakin ƙofa. Mai gida ba ya zama ranar slava, a tsaye yake yini yana hidimar baƙi. Likita zai ce masa ya zauna bana. Na san amsar da zai ba likita.

Ƙarfe uku

Na je har gada. Daga nan ana ganin motoci jere a ƙofar gidan, da hayaƙin murhu.

Ƙarfe shida

Na dafa taliya. Ba a ɗauki hoton kowa ba.

Laraba, 20 ga Disamba

Ba komai.

Alhamis, 21 ga Disamba, ƙarfe goma sha ɗaya

An rufe binciken. Rashin fahimta ce ta al'ada, babu niyya. Izini zai dawo bayan hutu. Maganar gada ta koma kan kamfanin masu gadi, mu ba ruwanmu, kamar yadda kwantiragi ya tanada.

Hedikwata ta mayar da mu rawaya. Saurayi mai tabarau ya ce za a sa yadda na tafiyar da lamarin cikin darussan horar da sababbin ma'aikata, musamman yadda na kame kaina. Shugaba Gu ya sa an yanka alade biyu, ya ɗaga kofi da sunana, injiniyoyi sun buɗa mini wuri a tsakiya. Na sha, na yi murmushi, na gode wa kowa.

Budimir bai zo walimar ba. Ya aiko cewa yanzu Kawu Radoje ba shaida ba ne, ina iya zuwa inda na ga dama.

Asabar, 23 ga Disamba, da la'asar

Na je.

Inna Milunka na tsakar gida tana wanke manyan tukwanen slava da za a mayar wa maƙwabta. Ta ɗago ta gan ni a bakin ƙyaure, ta ci gaba da gugar tukunya.

"Inna, sannu da aiki."

"Sannu."

"Yaya jikin Kawu?"

"Da sauƙi."

Na fara bayani. Shaida, bincike, lauya, izini, mutanen da za su rasa aiki. Na tsara shi da kyau, ai sana'ata ce. Ta bar ni har na ƙare, sannan ta zubar da ruwan tukunyar.

"Furannin nan," ta ce, "da aka kawo su, ƙirgawa ya yi ya fashe da dariya har injin asibitin da aka maƙala masa ya fara kuka. Ya ce, wannan ba aikin Lana ba ne, Lana ta iya ƙirga. Ɗan ƙanensa ne ya ɗauki hoton, shi bai ma sani ba. Abin da na kira in gaya miki ke nan."

Ta kife tukunyar, ta ci gaba.

"Mutanen ƙauye sun ce ke ma duk ɗaya ce, kin ci burodinmu kin koma wa naki. Ya ce ƙarya ne. A gaban kowa, a ɗakin shan magani, a coci, ya ce ku zo slava ku gani da idonku, 'yata za ta shigo ta ƙofar nan. Har wanda ba ya zuwa ya zo bana, don ya gani."

Ta ɗauki wata tukunyar.

"Likita ya ce ya zauna, na ce ya zauna, fadan coci ma ya ce Allah ba zai riƙe shi ba. Ya ƙi. Mota ta tsaya, ya leƙa. Kare ya yi haushi, ya leƙa. Gida ya cika har ƙanena a tsaye ya ci a kicin, amma kujerar kusa da murhu ya hana kowa. Da duhu ya fara, Stevo mai kifi ya ce, Radoje, ko dai ta aiko da furanni ne a madadinta? Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya je ya ɗauki kujerar da hannunsa, mutumin da aka hana ɗaga bokiti, ya kai ta rumfar itace."

Na ce, "Inna, da na zo da an sake buɗe..."

"Na sani. An gaya mana. Kowa ya ce kin yi daidai."

Garin kofin da kwalbar suna cikin jakata, na kasa fito da su. Na ce ko zan iya hawa in gaishe shi, minti ɗaya kawai.

Ta goge hannu a jikin zanen gabanta, ta dube ni sosai, karo na farko tun da na shigo. Ba fushi a fuskarta. Da fushi ne da na san abin yi.

"Yana barci, Lauya," ta ce.

Tagar sama a buɗe take. Ina jin muryarsa sarai, yana yi wa kare faɗa ya sauka daga kan gado.